Rijiyar Burtsatse a Kowane Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Makomar Ruwan Sha a Kaduna

Duk wanda ya sayi fili a Rigasa ko Mando ko Danbushiya ko Gonin Gora cikin shekarun nan ya san cewa kafin a yi maganar harsashi sai an gama maganar ruwa, domin ko bulo ba ya buguwa sai da shi, kuma yawanci abin da ake nufi da maganar ruwa shi ne kiran masu motar haƙa rijiyar burtsatse. Abin ya zama jiki har an daina yi masa kallon matsala. Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da mutane suka fi yi idan aka kawo batun rage dogaro da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da batun zama a tsara rabon ruwa tare tsakanin hukumomi da unguwanni da masu sana'a.

Daga ina ruwan da ke ƙarƙashin Kaduna yake fitowa?

Daga sama yake. Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa akwai wani kogi a can ƙasa wanda da zarar bututu ya kai gare shi shi ke nan an huta, amma a Kaduna abin ba haka yake ba. Birnin da mafi yawan jihar suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo a Kufena ta Zariya da Kajuru, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwan yana taruwa ne a wuri biyu: a cikin ruɓaɓɓen dutse da jar ƙasa da marmara da suka lulluɓe shi daga sama, waɗanda kaurinsu a wani wuri bai wuce 'yan mitoci ba, a wani wuri kuma yakan kai mita 20 ko 30, sai kuma a cikin tsage-tsagen da ke jikin dutsen kansa. Rijiyar guga daga na farko take ɗiba, ita kuwa burtsatse tana neman ta haɗa da na biyu.

Wannan ne ya bambanta Kaduna da Sakkwato ko Maiduguri, inda ƙasa take da shimfiɗaɗɗen yashi mai zurfi da ya riƙe ruwa mai yawa tun zamanin da. A nan rumbun ƙarami ne. Damina ce take cika shi daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, rani kuma ya yi ta rage shi har bazara. Shi ya sa za a ga gida biyu a layi ɗaya, wannan ya dace da tsaga mai ruwa, wancan kuwa a haƙa masa sau biyu a tashi da farar ƙura.

Ga kogi ya ratsa tsakiyar gari, ga ruwan sama kusan wata shida. Ina ƙarancin yake?

Ruwan kansa bai yi ƙaranci ba. Kaduna tana samun kusan milimita 1,200 na ruwan sama a shekara, wanda ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Kogin Kaduna, da ya taso daga tsaunukan Jos, yakan cika a watan Agusta da Satumba har ya shiga gidajen da ke gaɓarsa, kuma idan ya wuce mu shi ne yake juya injinan lantarki na Shiroro mai megawat 600 da na Zungeru mai megawat 700 a jihar Neja. Garin da irin wannan kogi ya ratsa bai kamata a ce mutanensa suna tonon dutse don neman abin sha ba.

Abin da ya faru shi ne gari ya girma ya bar bututu a baya. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, an riƙa tsara Kaduna a takarda, har da babban tsarin da aka yi mata a 1967, kuma an shimfiɗa bututun ruwa a tsofaffin unguwanni irin su Unguwar Rimi da Malali da Tudun Wada da Kakuri da Barnawa. Yau kuwa birnin ya bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun, kuma mafi yawan sababbin gine-gine a biyun ƙarshe suke, inda gonaki ake yankawa a sayar kafin hanya ko ruwa ko magudana su iso. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 6, kuma babu mai musun cewa an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

Akwai wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba. Gonar da ta zama unguwa ta daina shan ruwa kamar da, saboda rufin kwano da kwalta da tsakar gidan da aka malale da siminti daga bango zuwa bango duk suna kora ruwan sama ya bi kwata ya tafi kogi. Kududdufai da fadamu, waɗanda su ne ƙofofin da ruwa yake bi ya gangara ƙasa, an cike su da shara an yi gini a kai. Wato masu ɗiba suna ƙaruwa a daidai lokacin da ake toshe hanyar da rumbun yake cika.

Rijiyata a cikin gidana take, da kuɗina na haƙa. Ta yaya za a ce ta shafi wani?

Katanga ta raba gidaje a sama, amma ba ta raba ruwan da ke ƙasa ba. Idan injin da ke cikin rijiya ya fara zuƙa, ruwan da ke kewaye yana gangarowa zuwa gare shi, sai matakin ruwan ya lotsa kamar mazurari, bakin mazurarin kuma yana faɗaɗa gwargwadon ƙarfin injin da tsawon awannin da yake aiki. Idan rijiyoyi biyar a layi ɗaya suka yi haka, mazuraransu sai su haɗu, wanda rijiyarsa ta fi gajarta shi ne zai fara jin jiki.

Na ga wannan a wani layi da ke yammacin gari. Akwai wani dattijo da rijiyar gugarsa ta shekara fiye da talatin ba ta taɓa ƙafewa ba, har matan layin suke shiga ɗiba da safe. Cikin shekara uku aka haƙa burtsatse uku a kewayensa, ɗaya daga ciki ta mai sayar wa 'yan ga-ruwa ce, injinta ba ya hutawa muddin akwai rana a kan farantan sola. Da watan Maris ya kama, guga ya fara dawowa da laka. Dattijon ya je ya sami maƙwabcinsa bayan la'asar ya ce, "Alhaji, tun da ka sa injin nan rijiyata ta ja baya." Shi kuwa ya amsa cikin ladabi, "Baba, ai a cikin gidana na haƙa, ban taɓa naka ba. Amma ka riƙa turo yara su ɗiba a famfon waje, ba sai sun biya ba." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu kuma wanda ya karya doka. Sai dai mutumin da yake ba da ruwa ya koma mai karɓa, kuma babu wani zaure da zai kai wannan ƙara a saurare shi.

Dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ta 1993 ta yarda wa mai mallakar fili ya ɗebi ruwan ƙarƙashinsa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi. Wannan haƙƙi ne mai kyau, amma ruwan da gida guda yake sha daban yake da wanda ake cika tanka ko ake ƙulla leda da shi dare da rana.

Idan rijiya ta ƙafe, ba sai a ƙara mata zurfi ba?

Wani lokaci hakan yana aiki, idan aka yi sa'ar cin karo da wata tsaga. Amma a irin dutsenmu, yayin da ake nutsawa nauyin da ke sama yana matse tsage-tsagen, su ragu su ƙanƙance, don haka kowace mita da aka ƙara kuɗinta yana hawa alhali fatan samun ruwa yana sauka. Masu haƙa da mita ake biyan su, ba kuma kowannensu ne zai ce wa mai gida ya tsaya haka nan ba. Ko an dace ma, ruwan da ke cikin tsagar daga sama ya tsatso, daga rumbun da maƙwabta suke sha.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan abu guda, domin ana yawan tsorata mutane da shi. A birane irin su Jakarta ta Indunusiya da birnin Meziko, yawan zuƙar ruwa ya sa ƙasa tana nutsewa, saboda a kan laka da yashi suke zaune. Kaduna a kan dutse take, wannan ba shi ne haɗarin da ke gabanta ba. Namu haɗarin shi ne ƙafewar rijiyoyi a bazara, da tsadar ruwa, da gurɓacewarsa.

Ai ruwan burtsatse ya fi na famfo tsabta, ko ba haka ba?

Garai-garai da ake ganinsa ba ya nufin lafiyayye ne. Shawarar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe. To, filin da aka fi sayarwa a Kaduna ƙafa 50 ne da ƙafa 100, wato kusan mita 15 da mita 30, da yawa kuma rabin wannan suke ginawa. A cikin irin wannan fili, ko mai gida ya kai rijiyarsa ƙofar gida ya kai sokawensa can ƙurya, na maƙwabcinsa yana jingine da katanga, taku kaɗan daga bakin rijiyar. A unguwa mai cunkoso wannan ƙa'ida ba ta cikuwa ko an so.

Rijiyar da aka yi bisa ƙa'ida ana zuba siminti a kewayen bututunta daga sama zuwa wani zurfi don kada ƙazantar saman ƙasa ta bi jikinsa ta gangara, amma wannan shi ne aikin da aka fi yi wa ha'inci idan ana neman rage kuɗi, tunda mai gida ba ya ganinsa. Ta nan ƙwayoyin amai da gudawa da na taifot suke samun hanya, musamman da damina.

Shi ma ruwan famfo yana da nasa rauni. Ana tace shi a matata da alif da kulorin, yana fita da tsabtarsa, amma idan bututu ya kwana biyu babu ruwa a ciki, ga shi ya bi ta cikin kwata ga kuma huda a jikinsa, to ƙazanta tana shiga, ranar da aka sako ruwa ita ce za ta fara isowa. Bambancin shi ne matata ɗaya ana iya gwada ruwanta kullum a gyara, rijiyoyi dubbai kuwa babu mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Me ake nufi da tsarin ruwa na haɗin gwiwa? Su wane ne za su zauna?

Ana nufin duk masu ɗiban ruwa daga rumbu ɗaya da kogi ɗaya su yi lissafi ɗaya: nawa ake da shi, nawa ake ɗiba, nawa za a buƙata nan da shekara ashirin, wane yanki ne za a fara kai wa bututu, wa zai biya, kuma wane ruwa za a bari a ƙasa don ranar wahala. A yanzu kowa da nasa littafin. Hukumar ruwa ta jiha tana kula da matatu da bututun birane. Hukumar samar da ruwa da tsabta a karkara tana haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa da na sola a ƙauyuka, waɗanda wasunsu gari ya riga ya haɗiye su. Hukumar filaye ta jiha, KADGIS, ita ce take ba da takardun fili, hukumar tsara birane, KASUPDA, take ba da izinin gini. Kogin kuwa, da yake ya ratsa Filato da Kaduna da Neja, tsarin mulkin 1999 ya sa shi a hannun gwamnatin tarayya, wadda take da hukumar raya kogin Neja ta sama mai hedkwata a Minna. Ga 'yan majalisa da ƙungiyoyin agaji da masu neman lada, kowa yana haƙa tasa rijiyar inda ya ga dama, sau da yawa ba tare da an rubuta zurfinta ko yawan ruwan da ta bayar ba.

Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya warware matsalar shi kaɗai. Idan an yanka filaye dubu a Chikun ko Igabi ba tare da mai bututu ya sani ba, an riga an yanke hukuncin cewa za a haƙa rijiyoyi ɗaruruwa a wurin. Saboda haka a ganina muhimmin abin da tsarin zai fara kamawa shi ne a ɗaure izinin yanka sabuwar unguwa da amsar tambaya guda: ina ruwanta zai fito?

Teburin kuma bai cika ba sai da waɗanda ba su da ofis: hakimai da dagatai da masu unguwanni, da mata, waɗanda su ne suka san ranar da rijiya ta fara ja da baya, da masu haƙa, da masu ruwan leda da gidajen bulo da wuraren wankin mota, da manoman rani da makiyaya. Kaduna ma ta yi sa'ar da wasu jihohi ba su yi ba, domin Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, a Mando take, kuma horar da ma'aikatan ruwa da masu haƙa rijiya yana cikin aikinta.

Idan an rage ɗiban na ƙasa, da wane ruwa za a maye gurbinsa?

Da na kogi da na madatsu, waɗanda yawancinsu suna nan tuntuni. Matatar Malali tana ɗiba daga Kogin Kaduna ta ba arewacin gari, akwai kuma matatar da ke ba kudanci. An gina madatsar Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi a shekarun 1970 don ta tare ruwan damina ta riƙa sako shi cikin kogi idan rani ya yi tsanani. A shiyyar Zariya an bi wannan hanya da faɗi: gwamnatin tarayya ta gina madatsar Galma a ƙaramar hukumar Kubau, aka gina matata mai iya tace lita miliyan 150 a rana, aka samu rancen Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da na Bankin Raya Afirka don manyan bututu da na cikin gari, da nufin ruwan ya wuce Zariya da Sabon Gari ya kai ƙananan hukumomin da ke kewaye. Wannan shi ne ainihin tsarin shiyya, ruwa ɗaya ga garuruwa da yawa. Ya kuma koya mana cewa madatsa da matata ba sa kashe ƙishirwa sai bututu ya shiga lungu, sai kuma an samu lantarki da magunguna da kuɗin gyara a kai a kai.

Abin da ya kamata ɗan Kaduna ya riƙa tunawa shi ne madatsar Gurara, wadda a cikin jihar nan take, amma ruwanta ta bututu mai tsawon kusan kilomita 75 yake tafiya ya ƙara wa madatsar Usuma da ke shayar da Abuja. Ban kawo wannan don ƙorafi ba. Na kawo shi ne don ya nuna cewa idan an yi niyya an zauna an tsara, ana ɗaukar ruwa daga wata jiha a kai shi wata, balle daga Malali zuwa Rigasa.

Akwai kuma ruwan da ya fi kowanne araha, wato wanda aka riga aka tace amma yake tsiyaya a hanya. Tsohon bututun da ya fashe a ƙarƙashin titi, da wanda aikin hanya ya tsinka, da haɗin da aka yi a ɓoye cikin dare, duk suna cinye ruwan da aka kashe kuɗi a kansa. Toshe waɗannan ya fi gina sabuwar madatsa sauƙi, ko da yake ba aikin da ake yanka kyalle a buɗe shi ba ne, wataƙila shi ya sa ba a cika ɗokinsa ba.

An taɓa yin irin wannan a wani wuri ya yi aiki?

An yi. Yankin Houston da ke jihar Texas ta Amurka ya girma ne da ruwan rijiyoyi har ƙasa ta lotsa da kusan mita 3 a wasu wurare, aka bar wata unguwa gaba ɗaya saboda ambaliya. A 1975 majalisar jihar ta kafa hukuma ta musamman mai ba da izinin ɗiban ruwan ƙasa, daga baya ƙananan hukumomin ruwa na unguwanni suka haɗu suka kafa manyan hukumomin shiyya, suka sa kuɗi a kan kowane ma'aunin ruwa da aka zuƙo, suka yi amfani da kuɗin wajen jawo bututu daga tafki. A yankunan arewa da yammacin birnin an sa musu wa'adi daki-daki: kashi 30 cikin 100 na ruwansu ya koma na tafki da kogi kafin 2010, kashi 60 kafin 2025, kashi 80 kafin 2035. Arzikinsu ba namu ba ne, ƙasarsu ma ba irin tamu ba ce, amma abin ɗauka shi ne aikin na shekaru da dama ne, kuma ba a ce wa kowa ya rufe rijiyarsa ba sai da aka tanadar masa madadi.

A gida kuwa, jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato sun amince a 2006 su kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, bayan an daɗe ana kokawa a kan yadda madatsun da aka gina a saman kogunan suka sauya rayuwar mutanen da ke can gangarensu. Zama teburi ɗaya a kan ruwa ba baƙon abu ba ne a Arewa.

Wato dai za a hana mu haƙa rijiya, ko a ɗora mana haraji?

Wannan ita ce tambayar da take bayan duk sauran, kuma tsoron yana da dalili. Mutumin da ya shekara goma bai ga ɗigon ruwa a famfonsa ba, ya tara kuɗi ya haƙa rijiya, idan aka zo masa da takardar haraji zai ga an haɗa masa zafi biyu. Irin wannan zargi yana cikin abubuwan da suka sa ƙudurin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ya sha suka ya kasa wucewa a majalisar tarayya. Duk tsarin da ya fara da hani kafin bututu ba zai je ko'ina ba, sai dai a koma haƙa cikin dare.

Jerin da ya dace shi ne a fara da rajista kyauta, a san inda kowace rijiya take da zurfinta, masu haƙa kuma su riƙa miƙa bayanin abin da suka tarar a ƙasa. Sai a sa mitar awon ruwa ga manyan masu ɗiba na kasuwanci, kuɗin da aka karɓa a ware shi don shimfiɗa bututu a yankin da aka karɓe shi, a kuma riƙa bayyana lissafin. Gida mai shan ruwansa a ƙyale shi. Sai unguwar da ruwan famfo ya tabbata a cikinta, ya yi shekara yana zuwa ba yankewa, sannan a dakatar da sababbin rijiyoyi a can. Tsofaffin kuwa ba a cike su, a bar su su huta su zama ajiya don ranar da injin matata ya tsaya ko kogi ya ja baya.

Ruwan famfo da mita ba zai fi tsada ba?

Wanda ya fi kowa biyan ruwa da tsada a Kaduna shi ne wanda ba shi da famfo ba shi da rijiya, mai sayen jarka daga kura. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana, don haka gida mai mutum takwas, a mafi ƙaranci, lita 400 ne, wato jarka 16 mai cin lita 25, fiye da kura guda kullum. Kowa ya ninka wannan da kuɗin jarka a unguwarsu a watan Afrilu ya gani. Mai rijiya ma yakan manta da lissafinsa: kuɗin haƙa, da injin da yake ƙonewa idan ruwa ya ja ƙasa ya bar shi yana zuƙar iska, da tanki da ƙarfen ɗora shi, da man janareta ko farantan sola. Bututu ɗaya da gidaje ɗari suka raba nauyinsa ya fi rijiya ɗari sauƙi. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya biya ya ga ruwa, domin takardar kuɗi a kan busasshen famfo ita ce ta kashe amana tun farko.

'Yan ga-ruwa da masu haƙa rijiya fa? Ba a raba su da abincinsu ba?

Bututu ba zai shiga kowane lungu a shekara biyar ko goma ba, don haka kura tana nan. Abin da zai sauya shi ne inda take cika jarkokinta: a kafa wuraren sayar da ruwan da aka tace a bakin manyan bututu, a ba ƙungiyoyinsu ko na mata su gudanar. Masu haƙa kuwa aikinsu yana ƙauyukan da bututu ba zai kai ba, da gyaran dubban rijiyoyin da suka lalace.

Manoman rani da makiyaya suna cikin lissafin?

Dole ne, domin idan birni ya juya ga kogi, ya shiga rabo da su kai tsaye. Masu lambun kayan miya a gaɓar Kaduna da Galma a watannin da kogi ya fi ƙanƙancewa suke kunna injinansu, a lokacin ne kuma garken shanu suke gangarowa mashaya. Idan ba a tsara ranakun sakin ruwa daga madatsa tare da su ba, ba a kuma kare burtali da mashaya ba, an ɗauke rigima daga tsakanin maƙwabta an kai ta bakin kogi, kuma jihar nan ta san abin da irin wannan rigima take haifarwa. Haka nan abin da ake zubawa a kogi daga masana'antu da mahauta da magudanun unguwanni, wani ne a can gangaren kogin zai sha shi ko ya shayar da alayyahu da shi.

Kafin hukumomi su zauna, me mai gida ko unguwa za su iya yi?

Abu na farko yana saman kowa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce, saboda haka rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana karɓar kusan lita 120,000 a shekara a Kaduna, kusan jarka 4,800, waɗanda yawanci indararo yake zubarwa a titi. Babu tankin gida da zai riƙe wannan duka, amma ko tanki ɗaya aka haɗa da rufi, aka bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube, wanki da wanke-wanke da ban-ɗaki na damina sun fita daga wuyan rijiya. Ragowar kuma a bi da shi cikin rami mai tsakuwa da yashi, nesa da sokawe, ya koma ƙasa. Wanda zai malale tsakar gida ya bar wani yanki da ƙasa ko tsakuwa ko bishiya.

Na biyu, layin da bai riga ya haƙa ba ya yi gayya: rijiya ɗaya mai kyau, wadda masani ya auna wurinta aka kuma nisanta ta da masai, da babban tanki da ƙananan bututu zuwa gidaje, da ma'aji da littafin kuɗin gyara. Idan bututun hukuma ya iso wata rana, sai a haɗa shi da tankin kawai. A kai ruwan ɗakin gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, an fi so a tsakiyar damina.

Ta yaya za a gane cewa tsarin yana aiki?

Da awo. A zaɓi wasu rijiyoyi a kowace shiyya, a Kawo da Rigasa da Sabon Tasha da Maraban Rido, waɗanda ba a zuƙar ruwa daga cikinsu, a riƙa zura igiyar awo a rana ɗaya ta kowane wata ana rubuta mita nawa aka yi kafin a taɓa ruwa. Aiki ne da ɗalibin sakandare zai iya yi idan an nuna masa. Awon ƙarshen Afrilu shi ne abin dubawa: idan bana ya fi na bara zurfi, na bara ya fi na bara waccan, to ana cin rumbu fiye da yadda damina take zubawa. A gefensa a rubuta awa nawa ruwan famfo ya zo a kowace unguwa cikin mako, da kuɗin jarka a wannan watan, a liƙa takardar a ƙofar mai unguwa inda kowa zai karanta.